Hancin Injin A-kori-kura: Abin da Ake Taɓawa da Abin da Ake Bari

Injin mota ya fi shan iska a kan mai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya gauraya da iska kilo 14.7, kuma da yake iska aba ce marar nauyi, lita guda ta fetur takan ja iskar da ta kai lita 9,000, cikin duro arba'in da biyar ke nan. A-kori-kurar da ta tashi daga Gagarawa Tasha ranar Alhamis, ta kai kaya kasuwar Maigatari ta dawo, in ta sha lita goma, to ta zuƙi iska cikin duro 450. Duk iskar nan ta kafa ɗaya ta shiga: wani bututu, wani akwati na roba ko na ƙarfe, da matatar da ke cikin akwatin, wadda makanikai ke kira iyakilina. Kafar nan ita ce hancin injin, kuma ita ce abin da matashin da Allah ya hore wa mota yake fara sha'awar taɓawa.

Gyaran da ake yayi iri biyu ne. Na farko, a kwance akwatin da kamfani ya sa, a ɗaura wani bututu mai sheƙi da matata mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, wadda aka ce tana barin iska ta wuce ba takura. Na biyu, a sake saitin injin: a taɓa kafireto ko famfon gas, ko a shiga kwamfutar motar a canza mata lissafi. Alkawarin da ake yi wa mai mota bai wuce biyu ba, ƙarin ƙarfi da ragin shan mai. Yayin daga Amurka ya taso, inda mutane da yawa ke sayen a-kori-kura don marmari, su hau kwalta, bayan motar wayam. Ta bidiyon waya ya iso nan, kayan kuma ba sa wuyar samu a kasuwannin safaya na Kano irin Ƙofar Ruwa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, duk wanda ya ce yana da dabarar rage shan mai ba ya rasa masu saurare.

Sai dai aikin mota a masarautar Gumel daban yake. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a-kori-kura jaki ce mai ƙafar roba. Ita ke ɗauko gero da wake da riɗi da zoɓo daga ƙauye, ita ke kwasar kankana da awaki, Lahadi ta nufi Gujungu, Alhamis ta nufi Maigatari, sau tari da mutane a saman lodin. Gagarawa Tasha ma sunanta daga tashar jirgin ƙasa ya samo asali, a kan layin da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, amma kayan da dā suke hawa tarago yau a kan taya suke tafiya. Kwalta ta haɗa manyan garuruwa; daga an sauka daga kanta sai burji, sai yashi, inda mota ke wuni a giya ta ɗaya da ta biyu. Motocin kuma galibi sun ga jiya sun ga yau: tsofaffin Fijo 504, Hilux na zamanin kafireto, da Hilux na baya-bayan nan da suka fito daga hannun ma'aikatu da 'yan kwangila bayan sun gama more su.

Babban abokin gabar inji a wannan yanki ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ba ma sai an je nesa ba, ƙasar nan jigawa ce, kuma ranar kasuwa motoci kan jeru a hanyar burji, ta baya tana shaƙar abin da ta gaba ta tayar. Ƙwayar yashi niƙaƙƙen dutse ne, ta fi ƙarfen silinda tauri. Duk wanda ya ga yadda mata ke goge bayan tukunya da yashi har ta yi fes ya ga abin da ƙura ke yi a cikin inji. Tana shiga ta haɗu da baƙin man da ke jikin silinda, su zama wani irin ƙullu mai kaushi, fistin kuma yana hawa yana sauka a kansa sau dubbai a minti guda. A hankali ringi ya cinye, matsin injin ya ragu, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ya riƙa raguwa ba tare da an ga yoyo ba, da safe sai an tura. In injin mai turbo ne, fankar turbon na juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ƙura kuwa na gwaguye bakin fukafukanta kamar ɓera. Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya, shi ya sa ba a cika ɗora laifin a kan matata ba. Sai bayan watanni, a ce injin ne ba shi da kyau, a sauke shi a kai Kano, ko a nemo ɗan Kwatano.

Matatar kamfani takarda ce ta musamman, an nannaɗe ta ninki bisa ninki don faɗinta ya yi yawa a ƙaramin wuri. Mai kyau tana tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙurar da ta zo mata, kuma in ta ɗan yi aiki, ƙurar da ta kwanta a kanta na ƙara mata iya tacewa. Ta yayi kuwa yawanci yadin auduga ne mai sharara, ninki kaɗan a tsakanin ragar waya, an shafe shi da mai don ƙura ta manne. Gaskiya ne tana barin iska ta wuce da sauƙi, amma dalilin sauƙin shi ne hudojinta sun fi faɗi, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lissafin yana da yaudara. A ce matata ɗaya na tare kashi 99.5, ɗaya kuma kashi 97. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma abin dubawa shi ne wanda ya wuce: ta farko ta bar rabin kashi ɗaya, ta biyu ta bar kashi uku, wato ninki shida. A birnin da ruwan sama ke wanke titi kowane mako, ninki shida na ƙura kaɗan, kaɗan ne. A hanyar Sule Tankarkar cikin Janairu, maganar ta sha bamban.

To me aka samu a madadin wannan? A injin fetur, abin da ke ƙayyade iska shi ne ƙofar totur, wani faifai da ke buɗewa gwargwadon yadda direba ya taka. Muddin ba a take totur har ƙasa ba, faifan ne ke takura iskar, ba matata ba. Ribar matatar yayi, in akwai, sai injin yana kan ƙarshen gudunsa take fitowa, kuma ba ta wuce 'yan kashi kaɗan. Motar da ke ɗauke da buhun riɗi ba a nan take aiki ba.

Akwai kuma zafi. Akwatin kamfani daga waje yake jawo iska, ta bayan fitila ko ta cikin madigadi. Matatar yayi da aka bari tsirara a ƙarƙashin bonet kuwa iskar da ta ratso lagireto take sha. Iska in ta yi zafi buɗewa take, nauyinta ya ragu: mazubin da ke ɗaukar iska kilo 1.2 a digiri 20, kusan kilo 1.06 yake ɗauka a digiri 60, ragin fiye da kashi goma ke nan. A watan Afrilu, da zafin waje ma ke haura digiri 40, ƙarƙashin bonet tanda ne. Sai ya zamana an kashe kuɗi don a ƙara wa inji iska, an ɓuge da ba shi iskar da ba ta da auki. Abin da ke sa mai mota rantsuwa cewa ƙarfi ya ƙaru shi ne ƙara. Akwatin kamfani yana danne gurnanin da inji ke yi wajen zuƙar iska. Da an cire shi, gurnanin ya fito fili. Kunne ne ya samu ƙari, taya ba ta samu komai ba.

Motocin injekta suna da wata matsalar ta daban. Da yawansu akwai na'urar auna iska a bayan matata, mai wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki. Gwargwadon yadda iska ke sanyaya wayar, kwamfuta ke gane yawan man da za ta saki. Man da aka shafa wa matatar auduga, in ya yi yawa, yakan fantsamo ya lulluɓe wayar, ƙura ta biyo ta manne. Daga nan na'urar ta fara ƙarya, silo ya riƙa rawa, fitilar gargaɗi ta kama. Ko faɗin bututun aka canza ma lissafin ya goce, domin an auna na'urar ne da bututun da ta zo da shi. Da damina kuma ga ruwa. Wasu kan sauko da matatar ƙasa kusa da bamba don neman iska mai sanyi, alhali a watan Agusta hanyoyin ƙauye tabkuna ne. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Cikin kofi ɗaya ya shiga silinda, ya isa ya lanƙwasa sandar fistin nan take.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa hancin inji sam. Akwai gyara ɗaya da ya dace da ƙasar nan, kuma duk wanda ya lura da Land Cruiser da Hilux ɗin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku ya san shi: dogon bututun nan da ake hawar da shi ta gefen gilashin gaba har saitin rufin mota. Ƙura ta fi kauri kusa da taya. A sama iskar ta fi tsabta, ta fi sanyi, ta kuma yi nesa da ruwa. Mafi amfani shi ne wanda aka ɗora wa kwano a kai, irin na tarakta. Iska na shiga ta wasu fukafukai a karkace, ta riƙa juyawa kamar guguwa, manyan ƙwayoyin yashi su watsu gefe su zube a cikin kwanon, iskar da ta rage ta gangara zuwa matatar takarda da ke zaune a akwatinta na asali. Kwanon garau yake, ana ganin abin da ya tara. Yaron mota ya kwance shi da yamma bayan dawowa daga kasuwa, ya zazzage a tafin hannu, zai ga yashin da dā matata ce za ta sha shi. Bututun ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, kuma duk mai sayarwar da ya ce yana ƙarawa ciniki yake nema. Aikinsa tsawaita ran matata da na inji.

Ɗaura shi yana son natsuwa. Ana neman wanda aka ƙera don ainihin samfurin motar, a manna takardar awo a jikin madigadi, a huda daidai inda ta nuna, a shafa fenti a bakin ramin don kada tsatsa ta kama. Kowace mahaɗa sai an ɗaure ta da kilif an toshe ta tsaf, domin kafa ɗaya da ta rage a buɗe ta rushe aikin duka. Gwajin mai sauƙi ne: a bar injin a silo, a rufe bakin bututun na ɗan lokaci da faffaɗan katako, ba da tafin hannu ba. In injin ya shaƙe yana neman mutuwa, aiki ya yi. In ya ci gaba da bugawa ko a jikinsa, yana shan iska ta wani wuri. Kuma bututun bai mayar da mota kwalekwale ba, wayoyin lantarki da giyabos suna nan a ƙasa inda suke.

Kula da matatar kanta ya fi duk wannan muhimmanci, kuma a nan aka fi yin sakaci. An saba a miƙa ta ga mai faci ya hura ta da iskar kwamfuresa har ta yi fari. Iskar mai ƙarfi na yaga takardar, yagar da ido ba ya gani. In hurawar ta zama dole, a yi ta daga ɓangaren da ke da tsabta zuwa waje, da iska mai sauƙi, daga ɗan nesa. Sannan a shiga inuwa a haska tocila ta bayanta, duk inda haske ya ɓullo kamar tsinin allura, matatar ta gama aiki. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Jabu kuma ta cika kasuwa: ninkinta kaɗan, robar bakinta busasshiya, ba ta zama daram a akwati. Hanyar kama ɓarawon ƙura ita ce a kwance babban tiyon da ya tashi daga akwati zuwa inji, a naɗa farin ƙyalle a yatsa, a shafo cikinsa. Ya kamata ƙyallen ya fito fari. In ya fito da ja-ja, sai a bi sawu: ko tiyon ya tsage a cikin lanƙwasarsa, ko maƙallin murfin akwati ya karye an ɗaure da waya, ko matatar ce ba ta motar ba.

Saitin inji kuwa ya danganta da zamanin motar. A masu kafireto, irin Fijo 504 da Hilux mai injin 22R, komai da sukudireba ake yi. Abin da aka fi nema shi ne a rage mai, sai bakanike ya sa ƙaramin jet, ko ya cusa silin waya a cikin wanda ke ciki. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, wutar da ke cikin silinda ta ƙara zafi, motar ta rasa ja, direba ya ƙara taka totur, tsimin da ake nema ya tafi a nan. In an daɗe a haka bawul ya ƙone. Garin neman ƙiba an samo rama. Fulogi ba ya ɓoye gaskiya. A kwance shi bayan doguwar tafiya a duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne kamar gasasshiyar gyaɗa, saiti ya yi, in baƙi ne mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa, in fari ne fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari. Haka taimin. In aka tura shi gaba, motar takan yi zafin nama ba lodi, amma da an ɗora kaya an shiga yashi sai a ji wata ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kan fistin. Da fitilar taimin ake saita shi, a kan alamar da kamfani ya yi, ba da kunne ba.

A motar fetur mai injekta, kamar Hilux mai injin 2TR na lita 2.7, kwamfutar da makanikai ke kira birenbos ce ke riƙe da komai. Tana sauraren na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa, tana gyara yawan mai da kanta dare da rana. Tunda injin ba shi da turbo, iskar da zai iya zuƙa ƙayyadadda ce, don haka sake lissafin kwamfutar ba ya kawo wani abin a zo a gani. Ɗan abin da ake samu ta hanyar tura taimin gaba ne, shi kuma yana bukatar fetur mai jure matsi. Lissafin da ake saukowa da shi daga intanet galibi an yi shi ne don man Turai mai lamba 95 ko 98, alhali ma'aunin fetur ɗin Najeriya yana wajen 90 zuwa 91, ban da abin da ake saye a galan wajen 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai baki 16, wadda dokar Amurka ta wajabta tun 1996 don binciken lafiyar inji. Ana tallar wasu ƙananan akwatuna masu araha da ake cusawa a nan, wai suna rage shan mai. An sha fasa irinsu a tarar ba komai a ciki sai 'yar fitila mai ƙiftawa.

Injin gas ne inda saiti ke aiki da gaske, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. A tsofaffi irin 5L, akwai wani sukuru a jikin famfo da kamfani ya rufe da hatimi; in aka murɗa shi, ja ya ɗan ƙaru, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Hayaƙin nan gas ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba. A sababbi masu turbo, irin 2KD da 1KD, ana iya umartar kwamfuta ta ƙara matsin turbo da yawan gas, kuma masu wannan sana'a kan yi alkawarin ƙarin kashi 20 zuwa 30. A nan ba ƙarya suke ba, injin na iya bayarwa. Tambayar ita ce, me ya sa kamfanin da ya ƙera injin ya bar wannan rara bai taɓa ba? Ya bar ta ne saboda zafin rana, da gurɓataccen mai, da lodin da ya wuce ƙima, da juyen da ake jinkirtawa. A taƙaice, saboda wuri irin Gagarawa. Wanda ya cinye rarar a gareji ba shi da abin da zai kare shi ranar da motar ta nutse a yashi da azahar, cike da kaya, tana nishi a giya ta biyu. Fistin da alminiyam ake yin sa, alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660. Abin da ke tsare shi baƙin mai ne da ke sanyaya shi ta ƙasa da kuma iyakar da kwamfuta ta sa wa wutar. Allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, ba zafin hayaƙi ba, saboda haka fistin na iya tsagewa allura tana tsakiya. Wanda ya nace sai ya yi, to ya tsaya a ƙaramin ƙari, ya sa agogon auna zafin hayaƙi, ya kuma koyi ɗaga ƙafa in ya hau. Wani gargaɗi ga masu koyo: matsin gas a bututun waɗannan injuna ya haura ma'aunin bar 1,000, alhali iskar tayar motar ba ta wuce bar uku ko huɗu ba. Ba a laluben yoyonsa da yatsa, yana huda fata.

Akwai wasu gyare-gyaren da suka zama al'ada a garejinmu har ba a ɗaukar su saiti, nan kuwa su ne. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye shi ne kan gaba, wai motar Turai ce, ba ta san zafin Afirka ba. An gina inji ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In aka cire tamostat, da sanyin safiyar hunturu injin ba ya kai wa nan, kwamfuta ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai. Motar da ke zafi tana da dalili, sau da yawa lagireto ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki. Sai kuma fasa tukunyar tace hayaƙi a ciro abin da ake kira indomi. Wanda ya narke ya toshe, dole a yi masa magani. Amma lafiyayye ba ya hana mota gudu, kuma a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin filatinam da ake saye da daraja, don haka shawarar a cire shi ba kullum don Allah ake ba da ita ba.

Ko da ƙarfin ya samu, inji ba shi kaɗai ne mota ba. Kuloci da giyabos da aksul da birki duk an auna su ne da ƙarfin asali. Kuloci ne kan fara zamewa. Hilux an yi ta ne don kaya kimanin tan ɗaya, buhu goma na masu kilo ɗari, kuma kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake: daga kilomita 80 zuwa 100 a awa, nisan birki na ƙaruwa da fiye da rabi. A hanyar da amalanke da garken shanu ke tsallakawa ba sallama, wannan rabin rai ne. Tun Fabrairu 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Mai neman ƙarin gudu a motar lodi ya san ya saɓa hanya da doka.

Motar da ta rasa ƙarfi ko ta fara shan mai, yawanci wani abu ne ya lalace, kuma gyara shi ne ke dawo da abin da ya ɓace. Ana farawa da masu araha: matatar iska, matatar mai, fulogi, iskar taya, birkin da ke riƙewa ba a sani ba. Daga nan a duba nozul da gibin bawul, a sa na'ura a karanta abin da kwamfuta ta adana, a auna matsin kowace silinda. Injin da ringinsa ya cinye, ba lissafin da zai tashe shi. Kuma kada a yarda da "na ji ta canza". A cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, a rubuta kilomita, a yi zirga-zirgar mako, a sake cikawa, a raba. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya fi bakin kowane mai talla gaskiya, kuma shi zai nuna cewa rage gudu da daidaita iskar taya suna tsimin man da babu matatar da za ta yi.

Ga matasan da ke koyon kanikanci, sana'ar ta koma hannun wanda ya iya karanta na'ura, kuma wanda ya iya ba zai rasa aiki ba tsakanin Gumel da Haɗejia da Magarya. Ƙa'idojinta kaɗan ne amma ba a tsallake su. Ba a taɓa lissafin kwamfuta sai an kwafi na asali an adana. Ba a fara rubuta sabo da batir mai rauni, domin in wuta ta yanke a tsakiya, birenbos ya mutu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, kafin a taɓa na biyu. Duk abin da aka kwance daga motar mutum a miƙa masa kayansa a hannu. Direban da aka ba amanar mota ba shi da hurumin yi mata irin wannan aiki ba da sanin mai ita ba, kuma mai sayar da motar da aka taɓa wa kwamfuta ya faɗa wa mai saye, ɓoyewa algus ne. Dillalai ma da sun ɗaga bonet suka ga bututu mai sheƙi sai su rage tayi, don sun san irin hannun da motar ta fito.

Wanda ya riga ya cire akwatin kamfani, in yana nan a bayan gareji, ya nemo shi, ya wanke, ya sa masa sabuwar matatar takarda ta gaske, ya mayar da shi mazauninsa kafin iskar Nuwamba ta taso.